Hannun Baba Tsaya

Kafin ya zama Baba Tsaya, yaron mota ne. Ya shiga aikin tun gemu bai fito masa ba, ya bar shi gemun ya yi fari fat, kuma har ranar da ya sauko daga bas ɗinsa ta ƙarshe sunan aikin bai canza ba. Direbobin da aka haifa a kan idonsa su ne suka riƙa leƙo kai ta taga suna cewa, "Kai yaro, duba mini tayar baya." Sai ya duba. "Yaro, ɗauko ruwa a zuba a lagireto." Sai ya ɗauko. Rayuwarsa duka a bakin ƙofar bas ya yi ta, hannu ɗaya a ƙarfe, ƙafa ɗaya a iska, yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe ta zauna a haka.

Ba wai bai nemi tuƙi ba. Sau ɗaya wani direba ya ji tausayinsa ya ba shi sitiyari a cikin tasha, ya ce ya ɗan ja baya. Ya ja bayan kuwa, ya kwashe rumfar mai gyaran takalma da duk abin da ke cikinta. Ba wanda ya ji ciwo, amma dariyar ta bi shi shekara da shekaru, duk sabon direban da ya zo tashar da labarin ake yi masa maraba. Daga ranar bai ƙara taɓa sitiyari ba sai da tsumma, in zai goge. Ya haɗiye abin, ya zauna masa a ciki bai narke ba.

Gwiwa ce ta kore shi daga aiki. Yaron motar da ba ya iya dira daga bas tana tafiya ba shi da amfani, mai motar kuma bai ɓoye masa ba. Matarsa ta riga ta rasu, sai ya tattara 'yan komatsansa ya koma gidan ɗansa, wani mai gyaran wuta da ke fita da safe ya dawo ba ya son magana. Aka ba shi ɗakin baya, inda surukarsa ke ajiye firjin da take sanyaya ruwan sayarwa. Matar ba muguwa ba ce, a yi mata adalci, ba ta taɓa hana shi abinci ba. Abin dai shi ne duk inda ya zauna, nan ne take buƙata. "Baba, ɗan matsa in buɗe firji." "Baba, ɗan ɗaga ƙafa in share." "Baba, ba za ka ɗan fita ka sha iska ba?" Da ladabi take faɗa, murya ƙasa-ƙasa, kuma shi ya fi ciwo.

Haka ya fara shan iska a bencin wani mai facin taya, jikin katangar makarantar firamare, kusa da ƙofa. Titin da ke gaban makarantar a da ƙarami ne, sai aka faɗaɗa shi aka shimfiɗa sabuwar kwalta, motoci suka samu wurin sheƙa gudu. Gidajen yaran kuma kusan duk a tsallake suke. Kowace safiya su taru a can bakin kwalta kamar 'yan tsaki, wani ya yi ƙundumbala ya ruga, birki ya yi ƙara, duk macen da ke wurin ta dafe ƙirji.

Wata safiya yana zaune ya hango bas ta taho a guje. Ya gane ta, ya gane direban, ɗaya daga cikin masu ce masa yaro. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya miƙe, ya ja gwiwarsa zuwa tsakiyar titi, ya ɗaga tafin hannu, ya daka tsawa da dusasshiyar muryar nan: "Tsaya!" Bas ta ci birki, fasinjoji suka gwaru da kujeru, ta tsaya cak tana huci dab da cikinsa. Direban ya buɗe baki zai zage shi, sai ya ga yara na tsallakawa, mutane na kallo, ya mayar da zagin ciki. Tsoho ya tsaya yana duban mutumin ta gilashi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba, kuma ba yaran ne suka sa shi jin daɗin ba.

Hedimasta ya ji labari, ya kira shi ofis, ya ba shi rigar aiki ruwan ɗorawa mai ƙyalli da usur, ya ce makaranta za ta riƙa ɗan ba shi na sabulu. Yara suka raɗa masa suna, sunan ya bi shi har gida. Surukarsa ma ta koma cewa, "Baba Tsaya, ɗan matsa." Rigar kuwa da hannunsa yake wanke ta, ya shanya a saman firji inda ɗumi ke fitowa, ba ya yarda a haɗa ta da wankin gida. Hutun makaranta shi ne azabarsa. Yara na murna, shi yana ɗaki yana jin gurnanin firji, yana ƙosawa a koma.

Aikin ya iya shi, wannan ba a ja. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jikin mota ya san wadda birkinta ke ci da wadda sai an haɗa da addu'a, tun daga kukan injinta. Amma yana da dokarsa guda ɗaya tak, kuma a kanta ba ya wasa: yaro ba ya kallon titi. "Ni za ku kalla," in ji shi. "Ba mota ba, ba ɗan'uwanka ba, ba takalminka ba. Hannun nan." Tafin hagu na motoci ne, in ya ɗaga shi su tsaya. Yatsu biyu na dama na yara ne, in ya lanƙwasa su sai a taho a jere, ba gudu, ido a kansa. Wanda ya kuskura ya waiga ya ga ko mota na zuwa, yana isowa tsakiya zai ji an murɗe masa kunne har sai ya yi ɗage.

Wata malama ta taɓa tare shi a kan haka.

"Baba, ai a aji muna koya musu su duba dama su duba hagu. Kai kuma kana hana su."

"Malama, idon yaro bai san gudun mota ba. Zai ga ta yi nisa, kafin ya ɗaga ƙafa ta iso. Ki koya musu karatu, ki bar mini titi."

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa malamar ta ƙyale shi. Ɗaya rabin bai faɗa ba, wataƙila ma bai taɓa faɗa wa kansa ba. Yaron da ya iya duba titi da idonsa, me zai yi da Baba Tsaya?

Direbobi kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Yaro ɗaya ne zai tsallaka, amma sai an tsayar da hannu biyu na titin, an jira, an sake jira ko wani na tafe. In bas ce a gaba, nan ne Baba zai hango igiyar takalmin wani yaro ta kwance, ya durƙusa a tsakiyar kwalta da gwiwar da ya ce tana ciwo, ya ɗaure masa a tsanake. A danna hon, ya ɗago ya dubi mai dannawar, ya koma ya kwance ɗaurin ya sake sabo. Ba mai iya cewa uffan, don wa zai yi faɗa da tsohon da ke tsare 'ya'yan mutane? Kuma duk shekarun da ya yi a wurin, ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi ba. Iyaye na sa masa albarka safe da yamma.

A cikin yaran akwai wata 'yar aji biyu, siririya, da ake kira Tsinke. Uwarta mai ɗinki ce a wani ɗan shago a tsallaken titi, ita kaɗai ke riƙe da ita tun da uban ya tafi neman aiki bai waiwayo ba. Tsinke irin yaran nan ce da in aka ce su zauna, sai an tuna an ce su tashi. Kunnenta bai taɓa shiga hannun Baba ba. Za ta tsaya a bakin kwalta, jaka a ƙirji, ta kafa masa ido ko ƙiftawa ba ta yi, yatsu na motsawa ta taho. Da ita yake yi wa sauran misali: "Ku dubi Tsinke! Ko jirgi ne ya sauka a titin nan ba za ta juya ba." Sai yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi. In yana son wani a duniya to ita ce, gwargwadon yadda ya iya so. Uwar kuma in rigar aikinsa ta yage ita ke ɗinke masa, ba ta karɓar komai.

Ana nan, ƙungiyar iyayen yara ta samu sabon shugaba, wani mai kemis mai son a ga an yi aiki. Ya ce ran yaran makaranta guda ba zai rataya a hannun tsoho ɗaya mai ciwon gwiwa ba, ranar da ya kwanta zazzaɓi fa? Gaskiya ya faɗa, ko da yake Baba bai yafe masa ba. Mutumin ya yi ta zarya ofis-ofis har hukuma ta gaji da ganin fuskarsa. Aka zo aka ja fararen layuka a kwalta, aka kafa fitilar ba da hannu, wadda direbobi ke kira danja, da maɓallin da yaro zai danna ya jira ɗan koren mutum ya fito. Abu ya yi kyau. Duk mai hankali ya san an ci gaba.

Ranar buɗewa aka yi taro a filin makaranta, aka sha jawabai. Aka kira Baba gaba aka tafa masa, mai kemis ya ce ya yi wa jama'a hidima, yanzu lokaci ya yi da zai miƙe ƙafa ya huta. Yana komawa zai zauna, akawun makaranta ya biyo shi.

"Baba, rigar."

"Wace riga?"

"Ta jikinka. Kayan makaranta ce."

Ya cire a gaban yara, ya tsaya da tsohuwar shat ɗinsa ruwan ƙasa mai huji a hammata.

"Da usur ɗin."

Ya zare daga wuya ya miƙa. Mutumin ya riƙe igiyar da yatsu biyu, nesa da jikinsa, ya tafi.

A gida surukarsa ta ji labari ta ce, "Ayya, sannu Baba." Sannan ta ce, "To yanzu duk yini kana gida ke nan?"

Bai yini a gida ba. Washegari ya koma bencin mai faci, ya harɗe hannuwa a ƙirji ya zuba ido, abin da ya gani kuwa ya wanke masa zuciya. Ɗan koren mutum ya fito, motoci suka tsaya, amma ba yaron da ya motsa. Sun yi cirko-cirko a tsallake, idanunsu sun wuce fitilar sun sauka a kansa, suna jiran yatsu. Ya ƙi. Motoci suka gaji suka wuce, aka kaɗa ƙararrawa, yara suka makara, aka tsayar da su a rana a bakin ƙofa, ƙananan na kuka. Baba ya ce wa mai faci, "Ga danjarsu nan, ta tsallakar da su mana." Ya tabbata kafin mako ya ƙare za a zo ana ba shi haƙuri, har ya tsara yadda zai ja aji kafin ya yarda.

Ba wanda ya zo. Malamai ne suka riƙa fitowa da safe suna riƙe hannun yara, suna nuna musu maɓalli da fitila. Yaro kuwa ba ya riƙe amanar tsoho. Manyan suka fara ganewa, danna maɓallin ya zama abin wasa har ana faɗa a kansa, ƙananan suka bi yayyensu. Idanun da ke nemansa suka yi ta raguwa kullum. Wasu su gaishe shi in sun wuce, wasu su wuce da surutunsu kamar ba kowa a bencin. Wani da ya sha murɗar kunne ya zo daidai gabansa, ya duba dama, ya duba hagu da gangan, ya yi masa gwalo ya ruga. Direbobin bas su ma suka gano inda yake zama. Su rage gudu su leƙo: "Yaro! An karɓe rigar ne?" Fasinjoji su kwashe da dariya ba su ma san dalili ba.

Tsinke kaɗai ta rage. Kore ya fito, kowa ya tafi, ita tana nan da jakarta a ƙirji tana kallonsa, sai wata malama ta koma ta jawo ta tana faɗa. An yi mata bayani, an yi mata tsawa, ta ce to, gobe ta sake. Ba taurin kai ba ne. An koya mata abu, an yabe ta a kansa a gaban kowa, kuma wanda ya koya mata yana nan zaune bai ce ta bari ba. Baba yana ganinta, hannuwa a harɗe, yana jin wani abu mai ɗumi a ƙirji. Da ya so yarinyar da gaske, magana ɗaya ta isa: Tsinke, bi fitila. Bai faɗa ba.

Ranar da abin ya faru Tsinke ta makara, uwarta ta tsayar da ita tana ɗinke mata bakin siket. Yara sun shige, malamai sun koma aji, mai faci ya zagaya bayan rumfa yana dulmiya tiyub a ruwa. Wata bas ta wuce, direban ya jefo masa "Yaro!" ɗinsa na safe. Baba ya ɗago kai, sai ga Tsinke a tsallake ita kaɗai. Ko maɓallin ba ta danna ba. Fitila ta ba motoci hanya.

Ya dubi titin da tsohon idonsa na aiki. Ba komai sai wata motar raba lemo a shaguna, ba ta ma cika gudu ba, irinta nawa ya tsayar? Ba mugunta ya nufa ba, kada a ɗora masa niyyar da bai yi ba. So yake kawai ya gani ko hannun yana nan. Ya miƙe a bakin kwalta, bai shiga tsakiya ba kada a hango shi daga ofis. Ya ɗaga wa motar tafin hagu, ya lanƙwasa yatsu biyu na dama.

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, ba yara kaɗai aka sake wa tarbiyya ba. Direban lemo idonsa na sama, a kan koriyar fitila, kamar yadda kowane direba ya saba tun da aka kafa ta. Tsoho mai shat ruwan ƙasa a gefen hanya da hannu a sama, ai mai neman tasi ne. Tsinke ta sauko kwalta, ba gudu, ido a kan Baba, har da ɗan murmushinta, don an daɗe ba a kira ta ba. Motar na matsowa da ƙararta, yarinyar ba ta juya ba.

Baba ne ya fara isa wurinta, ba a san inda gwiwar ta samo ƙarfi ba. Ya ɗauke ta, jini ya jiƙa masa shat. Mutanen da ƙarar birki ta fito da su abin da suka gani ke nan: tsohon da aka wulaƙanta, rungume da 'yar mutane, yana ihu a kawo mota. Direban lemo, wani saurayi, ya fito yana rantsuwa shi aka ba hannu, wallahi kore ce. Suka rufe shi da duka, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi da sauran haƙoran da suka rage. Daga baya an tabbatar da gaskiyarsa aka sake shi, amma kamfani ya riga ya ba wani motar.

Tsinke ta rayu. Ƙafar dama ce likitoci suka kasa cetowa, suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Kwanakin farko Baba bai iya cin abinci ba. Duk ƙwanƙwasa ƙofar da aka yi sai ya ce ga su nan sun zo kama shi. Suna zuwa kuwa, amma gaisuwa suke kawowa. Iyaye, malamai, har akawu. Surukarsa ta fito masa da kujera mai kyau a falo saboda baƙi, ta daina cewa ya matsa. Mai kemis da kansa ya zo, duk ya rame, ya ce ya kasa samun sukuni, ya roƙi Baba ya raka shi asibiti.

Uwar tana ganin Baba ta zube ta kama ƙafarsa tana kuka, ta ce ba don shi ba da a titi 'yarta za ta ƙare. Yarinyar na kwance, bargo ya kwanta a shimfiɗe a inda ya kamata a ga tudun ƙafa. Ta buɗe ido ta gan shi.

"Baba," ta ce a hankali. "Ka kira ni na zo."

"Me take cewa?" in ji mai kemis.

"Baba ne ya ce in taho. Ya yi mini haka." Ta ɗaga hannun da aka sa wa allurar ƙarin ruwa, ta lanƙwasa yatsu biyu. Ba ƙara take kaiwa ba. So take a san ba ta yi laifi ba.

In Baba zai faɗa, nan ne wurin, yarinyar ma ta fara masa, ƙarasawa kawai zai yi. Uwar ce ta riga shi.

"Ke, rufe mini baki! Baba, ka yi haƙuri don Allah, allurar da suke yi mata ce, tun jiya take sambatu."

"Zafin ciwo ne," in ji Baba. "Ƙyale ta, 'yata. Yarinya ce."

Ya miƙa hannu ya gyara mata bargo.

Ta sake faɗa bayan an sallame ta, uwar ta yi mata tsawa. Ta sake faɗa a gaban maƙwabtan da suka zo dubiya, kunya ta kama uwar ta kai mata mari, mari na gaske, a kan gadon jinya, sannan ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta. Matan suka ce ai haka yara suke, in sun yi ɓarna sai su nemi wanda za su ɗora wa. Wata ta ce a dage da yi mata addu'a kada butulci ya zama halinta. Daga nan Tsinke ba ta ƙara faɗa ba. Ta daina faɗar abubuwa da yawa ma.

Shi kuwa Baba tsoro ya sake shi a hankali, abinci ya koma shiga. A bencin mai faci aka riƙa tambayarsa yadda aka yi, yana ba da labari, labarin yana gyaruwa. Da farko ya ce bai ga saukowarta ba. Daga baya ya tuna ya gani, har ya ɗaga hannu ya hana ta. Hannu dai ya ɗaga, wannan ba ƙarya ba ne. Da ya maimaita ya maimaita, shi kansa sai ya riƙa ganin abin haka in ya rufe ido.

Taron iyaye ya yi zafi. Aka ce ƙarfe bai san yaro ba, shekara nawa tsohon nan yana wurin ba a zubar da jini ba, sai da aka kawo abin zamani. Mai kemis ya tashi zai ce fitilar ba ta yi kuskure ba, aka yi masa ca, ya zauna, kafin a watse ya ajiye shugabancin. Aka yanke shawara danja ta zauna tunda hukuma ce ta kafa ta, amma Baba ya dawo, kuma hannunsa ne sama da ita. Ya ja ajinsa yadda ya tsara, ya ce gwiwa, ya ce an riga an ci masa mutunci. Sai da hedimasta ya zo gida da ƙafarsa.

Sabuwar riga, uwar Tsinke ce ta ce ita za ta yi, kyauta. Ta yi mata aljihu biyu, ta sa ƙyalli har a kafaɗa. Kuma ita ta nemi alfarma a bar 'yarta ta miƙa masa a gaban taro ranar da za ta koma makaranta, don a wanke abin da yarinyar ta faɗa, wanda ya riga ya zaga unguwa.

Tsinke ta fito da sanduna biyu a hammata, rigar a rataye a wuyanta don hannuwanta ba sarari. Filin ya yi shiru, sai ƙarar sanduna a kan siminti. Ta iso gabansa ta tsaya.

"Me za ki ce?" in ji uwar daga bayanta.

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Tsinke."

"Na gode, Baba."

"Sai me?"

"Ka yi haƙuri. Ƙarya na yi maka."

Aka tafa, mata na share hawaye. Baba ya zare rigar daga wuyanta ya saka, ta zauna masa daidai. Ya dafa kanta ya sa mata albarka, yana jin yadda take makyarkyata a ƙarƙashin tafinsa.

Da aka tashi makaranta ya taka zuwa tsakiyar titi, ya busa usur, ya ɗaga tafin hagu alhali fitila ta ba motoci hanya. Suka tsaya, hannu biyu, har da bas a gaba. Yara suka wuce a jere. Tsinke ce ƙarshe. Uwar na tsallake tana jira, an ce a bar yarinyar ta saba da kanta. Ta kafa sanduna, ta ja jiki, ta huta, ta sake kafawa. Fitila ta yi ja, ta yi kore, ta koma ja, ba ta kai rabi ba. Ba wanda ya danna hon. Direban bas ya kashe inji ya kifa kai a kan sitiyari. Layin motoci ya miƙe har ya sha kwana inda ido ba ya kaiwa, duk suna jiran hannu ɗaya ya sauka. Baba ya dubi layin, ya dubi yarinyar da sauran tafiyar da ke gabanta, ya tuna haka za a yi gobe da safe, da yamma, da jibi, har ta gama makarantar. Tun da ya fara aikin bai taɓa riƙe titi tsawon haka ba, kuma daɗi ya ji, har cikin ƙashinsa.

"A hankali, 'yata," ya ce mata. "Kada ki yi sauri."